Muryar Ishaya Tana Cikin Wayata

Saratu ɗiyata, ina gajiya? Ya maigidanki da jikokina? Mu nan Rikoto da sauƙi. Rifkatu maƙwabciyata ke rubuta mini.

Wayata ta kumbura, tana mutuwa da kanta. Kin ce za ki aiko mai hoton tuffa a baya, wai ta fi. Mai gyara ya ce in irin tawa ce zai kwashe komai ya zuba a sabuwar, amma waccan bai yi alkawari ba.

Saratu, muryar ƙanenki Ishaya na ciki, saƙonsa kafin ya faɗi a bakin daga: "Mama, ki aje mini sabuwar dawa, ina zuwa Kirsimeti." Ko gawarsa ban gani ba. Ki bar mai kyau, ki sayo irin tawa.

Ki gaida kowa. Ku yi addu'a wannan ta jira har taki ta iso.

Mamanki