Ba a Amsa Kira a Ɗakin Jarrabawa

Maiyama, ranar Lahadi

Yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya ɗiyata Zahra'u, tana tsotso dai? Mu nan alhamdulillahi. Inna da sauƙi, sai dai ciwon sugan nan da ke tashinta fitsari ba dare ba rana.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Tamu mai babur alhali ga waya. Kin san Inna, tun da idonta ya rufe kunnenta ya buɗe. Ko raɗa na yi a bayan ɗaki sai ta tambaye ni da wa nike magana, kuma wannan ba zancen da nike so ta ji ba ne.

Takardar shaidar nan tawa ta aikin manhaja, wadda munka kai kasuwar Jega anka sa mata gilashi, ashe mutuwa take yi kamar magani. Shekara uku gare ta, kuma ƙarshen watan nan za ta cika. Wallahi ba raina ta nike ba. Digirina na jami'ar Aliero ya gaji da kwanciya a akwati ba wanda ya neme ni. Takardar nan ce ta sa wani kamfani a Legas, da ba su san ɗiyar wa nike ba, sunka ba ni aiki ina zaune a gida. Albarkacinta nike ɗora tuwo, in kai Inna makewayi, in dawo kan kwamfuta. In aikin nan ya tafi, sai dai in shiga birni nema, to Inna fa?

Shugabana ya ce bankin da muke yi wa aiki ba ya yarda kowa ya taɓa manhajarsa sai mai takarda da rai. Na ce masa haba, shekara uku ina ɗinke wannan manhaja, mi jarrabawa za ta tambaye ni da aikin bai riga ya tambaya ba? Ya ce ya sani sarai, shi ma ba yadda zai yi.

Cibiyar jarrabawar tana Abuja, ni kuwa ko Aliero ba na iya wuni. Tabawa maƙwabciyarmu ta gwada riƙe Inna zuwa makewayi, Inna ta ƙi miƙa mata hannu. Don haka a gida zan yi ta intanet, wani baƙo yana kallona ta kyamara kusan awa uku. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaida maigidan da mutanen gida.

Taki ƙanwa,
Sakina

Maiyama, ranar Alhamis

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikinki, ya jaririya? Na ga man shanun da kinka aiko, Allah shi saka. Inna na gaishe ki irin gaisuwarta, wai a gaida mutanen Jega, tun da har yau bakinta bai iya furta sunan ɗiyar fari ba.

Yaya, an soke mini jarrabawar.

Na share ɗakin da Yaya Shehu ke zuba albasa, na fitar da buhuna, na kai tebur. Mai sa idon ya sa na zagaya da kyamara har ƙarƙashin teburin, ya sa na cire kalandar masallaci daga bango. Dokarsu ita ce kada wani ya shigo, kada a ji murya, kada idona ya bar allon. Ina yin bisimilla a hankali ya rubuto mini gargaɗi, wai leɓena na motsi. Na haɗiye sauran a ciki.

Kuma fa tafiya take yi lafiya lau. Rabin tambayoyin abubuwa ne da ban taɓa buƙata a aiki ba, na dai haddace su. Yadda za a sa manhaja ta yi aiki a wayar mai albasa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wanda shi nike yi kullum, ko sau ɗaya ba su tambaya ba. Ban damu ba, ina ta ci.

Na wuce rabi sai na ji Inna daga ɗakinta ta ce, Auta. Tabawa da na bari a wurinta ta leƙa gida duba tukunya. Yaya, wallahi ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya ce na'am Inna tun kafin hankalina ya iso. Kin san yadda anka tashe mu. Allon ya yi fari, saƙo ya fito wai na yi magana da wani.

Na rubuta musu doguwar takarda, na ce uwata ce, makauniya ce, ko Turanci ba ta ji balle ta ba ni amsa. Sunka maido mini da dokar nan dai, kalma da kalma, da godiya a ƙasa. Wa zan kama? Ko sunan mai sa idon ban sani ba.

Na so in ɓoye, amma Tabawa da bakinta ta kwashe komai ta faɗa wa Inna. Inna ta juya fuska bango. Saura dama ɗaya, kuma ta faɗo dab da ranar da takardar za ta mutu. Na rasa inda zan sa kaina.

Allah shi ba ki lafiyar shayarwa.

Sakina

Maiyama, ranar Asabar

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya ke da Zahra'u. Na san Tamu ya riga ni kai miki albishir, to gaskiya ne, na ci. Sabuwar takarda ta zo, shugabana ya taya ni murna, aiki ya tsaya. Ga abin da Tamu bai sani ba.

Ranar jarrabawar Inna ta sallami Tabawa da kanta, ta ce barci za ta yi. Na shiga ɗakin albasa na rufe. Tun daga farko har ƙarshe gidan tsit, ko tari ban ji ba. Har ina gode wa Allah a raina da Ya sa mata barci.

Da na fito na same ta zaune a bakin gado, ba ta kwanta ba ma. Ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije. Zanenta sharkaf, har ƙasa. Inna fa, Yaya, wadda ko a asibiti ba ta yarda nas ta ga cinyarta ba. Da ta ji motsina ta zare mayafin, abin da ta fara tambaya shi ne ko sun sake soke jarrabawar. Na ce a'a, na ci. Ta ce madalla. Ina wanke ta ina kuka, ita ce ke ba ni haƙuri, tana roƙona kada in faɗa wa mutanen Jega. Ki yi kamar ba ki ji ba.

Tun ranar ba ta sake kirana ba. Bango take lalube ta tafi da kanta. Shekaranjiya ta yi karo da turmi, ƙaurinta ya fashe, kuma kin san ciwon mai suga ba ya saurin warkewa. Na rantse mata jarrabawa ta wuce, sai bayan shekara uku. Ta ce ai tana jin ƙarar yatsuna a kan na'urar, mutanen suna saurare. Na rufe kwamfutar na zauna kusa da ita, ta ce in tashi in koma kada a kore ni. Yanzu da ƙarya nike shiga ɗakinta, in ce tsintsiya na zo ɗauka, don in ga ko tana matse.

Yaya, ban san mi zan yi ba. Don in zauna da ita na yi wannan jarrabawa. Don Allah da kin yi arba'in ki zo, ko za ta ji taki. Ni dai ga ni nan, hannuna na aiki, kunnena na ƙofarta. Yau ma har anka yi la'asar ba ta kira ba.

Ki shafa mini kan Zahra'u. Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Sakina