Zuwa ga Inna, a kan jarrabawar Ummi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hauwa mai koko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, ni ce 'yarki Rabi nake rubuto miki daga ɗakinki na nan Zongo. Shekara bakwai ke nan da rasuwarki. Kowa yana lafiya. Maigidana Malam Sani yana kan hanyar Malanville da tirela kamar kullum, ni kuma ina nan a shagon atamfa a kasuwar Missèbo. Na gaji, Inna. Akwai abin da na yi wa 'yata, takwararki Ummi, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa ba tare da na yi masa kwalliya ba.

Kin bar ta tana 'yar shekara biyar, tana karanta miki rubutun jikin gwangwanin tumatir kina dariya. Kan nan nata bai tsaya ba. An tsallakar da ita aji a firamare, ta gama tana shekara tara, muka kai ta wata kwaleji mai zaman kanta a Godomey, don an ce can ne ake karatu.

Bara, tana aji uku, direktan makarantar ya aiko a kira ni. Ya zaunar da ni a ofishinsa, bangon duk hotunan yaran da suka yi fice. Da Faransanci yake magana, rabi na ji, rabi Ummi ce ke fassara mini tana kallon ƙasa. Ya ce yana so ta zauna bak, jarrabawar da ake shiga jami'a da ita. A lokacin saura mata shekara huɗu cur kafin ta kai ajin masu yin ta. Ya ce za su shigar da ita a matsayin ɗalibar waje, su nemo mata takardar izini saboda ƙarancin shekarunta. Maganar da ya rufe da ita ban manta ba: “Madam, irin wannan kan ba a barinsa ya yi barci.”

Ban tambayi yarinyar ko tana so ba. A kan zem, acaɓar nan garin, muna dawowa gida, tana tsakanina da mai babur, ni hotonta kawai nake gani a kan babban ƙyalle a bakin titi, da sunan babanta a ƙasa.

Kin san daga ina wannan ƙishirwar ta fito. Sau biyu na faɗi jarrabawar gama firamare. A karo na biyu na dawo daga duba suna, na same ki kina tace gasara, na tsaya a kanki ina kuka. Ba ki yi faɗa ba. Kika miƙo mini ludayi kika ce, “Gero ba ya jiƙa don mai koko tana sauri.” A ranar na ɗauka lallashi ne irin na wadda ba ta san zafin abin ba. Daga nan ban sake komawa aji ba, ke ma ba ki matsa ba. Amma duk ranar da aka miƙo mini takarda a banki ko a ofishin magajin gari, na juya ina neman wanda zai cike mini, sai in ji kunyar nan ta dawo sabuwa fil.

Malam Sani bai so ba. Ya ce, “Rabi, motar da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta tana kaiwa, amma ba ta daɗewa.” Na ce shi dai ban da mota bai san komai ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake ɗaga maganar ba.

Haka muka shiga shekarar. Da safe ajinta, da yamma ajin manya, Asabar da Lahadi malamin da ke zuwa gida. Na cire ta daga islamiyya, na ce na ɗan lokaci ne. Ƙawarta Balki ta gidan Alhaji Mamman mai shanu ta zo nemanta sau uku, sau uku ina cewa tana karatu, daga nan ba ta sake zuwa ba. Da ƙaramar salla hannu ɗaya aka yi mata lalle, don ɗayan yana riƙe da littafi. Ta rame, ta riƙa kukan ciwon kai, ni kuma ina saya mata magani da madara. Matan layinmu a kasuwa suka sa mini suna uwar 'yar jami'a. Ina cewa su bari, amma a raina daɗi nake ji.

Ranar farko ta jarrabawa da ruwa aka tashi, irin na watan Yuni da ke cika titunan Zongo. Na sa takardarta a leda na cusa mata a cikin hijabi. A ƙofar makarantar da aka tura su, mai gadi ya tare ta, ya ce ba a shiga da yara, ta jira yayarta a waje. Da ya ga takardar sai ya yi dariya, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Samari masu gemu da 'yan mata da suka isa aure suna wucewa suna waiwayenta. Ta shige tsakaninsu, ban ƙara hango ko kanta ba.

Da ta fito daga takardar falsafa na tambaye ta yaya. Ta ce, “Na rubuta duk abin da malam ya ba ni, Mama, amma ban san me nake faɗa ba.” Na ce ba komai, rubutawar ake so.

A rana ta ƙarshe ina zaune a gindin bishiya a tsallaken titi tare da sauran iyaye. Aka buɗe ƙofa, yara suka yi ta fitowa, wasu na ihu, wasu na jefa jaka sama. Ummi ba ta fito ba sai da wurin ya kusa watsewa. Wata doguwar yarinya 'yar ƙabilar Fon ce ta riƙo hannunta, ta ɗaura mata zanenta a ƙugu. Ta kawo ta har gabana, ta dube ni ta ce, “Mama, ba ki gaya mata komai ba?”

Al'ada ce ta zo mata, Inna, karon farko, a tsakiyar ɗakin jarrabawa.

A gida, bayan na haɗa mata ruwan zafi ta yi wanka, ta ba ni labari. Ta ce tun awa ɗaya da fara rubutu ta ji jini yana zubo mata. Ta ɗauka karatu ne ya fasa mata wani abu a ciki, kuma mutuwa za ta yi. Na ce me ya hana ki ɗaga hannu ki gaya wa mai tsaron aji? Ta ce, “Na ce in mutuwa ce, gara in gama takardar tukun, kada ki ce ban yi ƙoƙari ba.”

Na tashi na shiga kicin don kada ta ga fuskata. Ke tun saura watanni kafin tawa ta zo kika zaunar da ni muna surfen gero, kika gaya mini komai a hankali, kika ce in ya zo kada in tsorata, in zo in raɗa miki. Ni na san ranar kowace takarda da ƙarfe nawa za a fara ta, na san sunan littattafan da ko karanta bangonsu ba na iyawa, amma shekara guda ban dubi jikin 'yata na ga tana girma ba.

Da sakamako ya fito, ba ta ci ba. Ita ta duba a waya ta karanta mini, idonta a kan fuskata. Ba zan ɓoye miki ba, abin da na fara ji baƙin ciki ne. Sai daga baya na ji kamar an sauke mini dami.

Direktan ya sake kirana. Ya ce kaɗan ya rage, baɗi za ta wuce, kada mu ɓata abin da aka fara. Na ce masa a'a da Hausa, ban sa Ummi ta fassara ba, kuma ya gane. Na karɓi takardunta na mayar da ita makarantar gwamnati da ke kusa da gida, ta ci gaba daga inda aka tsinke ta. Da Malam Sani ya dawo na gaya masa duka. Bai ce da ma na faɗa miki ba. Ya dai daɗe a zaune a bakin ƙofa, sannan ya kira ta ya ba ta kilishin da ya zo da shi.

Kada ki ɗauka komai ya koma daidai. A islamiyya tare da ƙannen sa'anninta take zama. Balki ta yi sababbin ƙawaye. Makon jiya na ga Ummi tsaye a zaure tana kallon 'yan mata suna gaɗa, leɓenta na motsi, amma ba ta san waƙoƙin ba. Ta dawo ta ce, “Mama, in na je wasa, ƙarfe nawa zan dawo?” Na ce sai kin gaji. Ta tsaya tana kallona kamar na ba ta lissafin da ba a koya mata ba. Ta je, ba a jima ba ta dawo ta ɗauki littafi.

A kasuwa har yau akwai mai tambayata ina 'yar jami'a. Na daina bayani. Bana wani yaro ne a kan ƙyallen makarantar can, ɗan shekara sha ɗaya, da taye a wuya. Na wuce ta wurin a kan zem, sai na ji zuciyata ta motsa, ta ce da ma Ummi ce. Bayan duk abin da na gani, Inna. Wannan zuciyar ce ta gajiyar da ni.

Zanen doguwar yarinyar nan 'yar Fon yana cikin akwatina, na wanke na goge. Ban tambayi sunanta ba, ban san unguwarsu ba.

Jiya da la'asar ina yi wa Ummi kitso, kanta a kan cinyata, na tattaro ƙarfina na ce, “Ki yafe mini.” Ta ɗago ta ce, “Me kika yi, Mama?” Da gaske take tambaya. Na mayar da kanta na ci gaba da kitson.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan haƙurin da kika yi da ni. Allah Ya yi wa yarinyar nan mai zane albarka a duk inda take. Allah Ya raya Ummi, Ya ba ta ilimi a lokacinsa, Ya kuma ba ni tsawon ran da zan amsa mata tambayarta ranar da ta gane.

Wassalam.

'Yarki,
Rabi
Zongo, Kwatano