Mai Buɗe wa Gajere Hanya

Nuzla, Jidda
Rajab, 1396

Zuwa ga Yayata Turai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yara da duk jama'ar Mai Wurno. Yaya gwiwar nan taki? Ruwa ya sauka kuwa? Mu nan zafi ne da gumi, sai godiya. Matata Larai tana gaishe ki, ta ce man da ta aiko ki riƙa ɗumama shi kafin ki shafa. Othman, na san kai ke karanta mata, to ka bi a hankali, kada ka haɗiye rabi yadda ka saba.

Yaya, albishirinki. Ɗanki Hamad ya bar dako a kasuwar Bab Makka. Na samo masa aikin sauke kaya a kamfanin Amurkawan da nake tuƙa wa bas, can wajen Madinar Masana'antu. Amma ba wannan ne babban labarin ba.

Mutanen nan suna da wani wasa da suke yi idan sanyi ya shigo, kamfani da kamfani. Ƙwallon ba zagayayye ba ne, kamar gwanda yake. Rungumarsa ake yi a ruga da gudu, ƙarti sanye da hular kwano su bi mutum su kayar, in ya tsallake layin ƙarshe an ci. Mutum biyu ne ke tsayawa can baya, su ne masu gudu da shi, su kuma kowa ke zuba wa ido. Bara an yi wa kamfaninmu cin kaca, ga shi masu gudun duka biyu aikinsu ya ƙare sun koma ƙasarsu.

Mai koyar da su shi ne shugaban warsha, inda ake gyaran motoci. Wani dattijo ne mai gashin baki, muna ce masa Abu Shanab. Shi ya hango Hamad ya saɓa ƙarfen mota a kafaɗa yana ratsa tsakar kamfani a guje, ko numfashi bai sauya ba. Ya sa aka kira ni, da yake ni ke yi musu tafinta da ɗan Turancin da na tsinta a bas. Maganar ke nan: a mausim mai zuwa, wato kakar wasan bana, masu gudun su ne wani Bature mai gyaran lantarki da muke kira Gajere, da ɗanki. Ya kuma ce in Hamad ya riƙe masa amana har wasannin su ƙare, zai ɗauke shi warsha ya koya masa inji da hannunsa, kamfani ya zama kafilinsa mai tsaya masa a wajen hukuma, a rubuta masa makanike a iƙama, takardar zaman ƙasa. Kin san abin da wannan ke nufi ga yaron da ya taso da buhu a ka.

Ban iya riƙe bakina ba, kin san ni. Tun a ranar na kai labari teburin Bawa mai shayi. Yanzu Nuzla ba ta da wata hira. Mutanen da ba su taɓa ganin ƙwallon ba sun zama malamansa. Bawa ya rantse Hamad zai ci a kowane wasa, Rafi'u tela kuma ya ce shi Gajeren ma a sallame shi, ɗaya ya isa. Ni dai ina zaune ina kaɗa ƙafa, ana zuba mini shayi ba na ko tambaya. Hamad kuwa in an tare shi sai ya sunkuyar da kai ya ce yana koyo ne tukuna. Kunyar nan taki ya ɗauko, ba tawa ba.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Na'ibi

Nuzla, Jidda
Shawwal, 1396

Zuwa ga Yaya Turai,

Sallama da gaisuwa, da barka da sallah. Ina fata kun sha ruwa lafiya, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Saƙonki ya iso ta hannun Alhaji Mahmudu, kuɓewa busasshiya da gyaɗar duka, mun gode. Na ji kin ce kina tsoron kada a karya miki ɗa. Lafiyarsa ƙalau, har ya ƙara faɗin ƙirji. Ni ne dai raina ba daɗi.

Bayan sallah na yi karambanin ɗaukar Bawa da Rafi'u zuwa filin kamfani su ga yadda ake gwaji. Da na sani ban kai su ba. Muna tsaye a bakin waya aka jeru, aka yi ihu, aka miƙa ƙwallo. Ba Hamad aka miƙa wa ba, Gajere ne. Hamad shi ne a gaba, yana banke duk wanda ya taso, Gajere na biye da shi a gindi kamar ɗan akuya, har ya wuce. Aka sake, haka. Aka kuma sake, haka. Har rana ta yi sanyi ɗanki bai taɓa ƙwallon nan ba, sai da aka tashi ya tattara su a buhu.

A hanyar dawowa, da muka shigo Nuzla sai Bawa ya leƙa ta taga ya kwarma ihu irin na 'yan dako, wai tariƙ, tariƙ ya hajji, a ba da hanya mai gida zai wuce. Rafi'u ya yi dariya har da hawaye. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Wai ashe ko a wasa ma ɗanmu share hanya yake yi wa Bature. Wai an sauke masa buhu an ɗora masa mutum.

Yaya, ke kin san abin da ya soke ni. Haka Baba ya ƙare rayuwarsa a Makka, yana tafe gaban manyan alhazai yana ture musu jama'a, su yi ɗawafi a sake, su tafi ba su san sunansa ba. Na ɗauka mun wuce wurin. Kwana da kwanaki ban zauna teburin Bawa ba, ta bayan masallaci nake zagayawa kamar mai laifi.

Na zaunar da Hamad na tambaye shi. Ya yi ta yi mini bayani da duwatsu a kan tabarma, wai aikin na gaba ya fi wuya, wai in shi bai tare mutum ba Gajere ba zai yi taku biyu ba, wai Abu Shanab ya ce bai taɓa samun mai tarewa kamarsa ba. Har fuskarsa na haske yana faɗa. Ya ce Gajere mutumin kirki ne, shi ke ɗaure masa igiyar sulken kafaɗu, yana kuma koyon gaisuwarmu. Na ce masa wayo aka yi masa, daɗin baki ne irin na masu gida. Na ce ranar wasan farko Nuzla kaf za ta zo, ni na yi musu alkawarin mota. In har ni kawunsa ne, in kuma yana so in sake ɗaga kai a unguwar nan, to ranar ƙwallon nan ya tsallake layi a hannunsa, ko ta yaya. Ya ce, Kawu, ba haka ake yi ba. Na ce halas, na gama magana.

Larai ta ce na matsa wa yaro a kan abin da ban sani ba. Na ce mata ita ma ba ta sani ba. Ina ganin na yi daidai, Yaya, don wani lokaci sai an tunzura shi yake sanin darajar kansa. Amma tun ranar ba ya cin abinci sosai, ban san dalili ba.

A gaida Othman da iyalinsa. Allah ya ƙara miki sauƙi.

Naki,
Na'ibi

Nuzla, Jidda
Zulƙida, 1396

Zuwa ga Yayata, uwar Hamad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane, ina tambayar lafiyarki da ta gida. Mu jikinmu lafiya. Othman, don Allah wannan ka karanta mata ita kaɗai, ka sallami yara da maƙwabta tukuna.

An yi wasan ranar Juma'a bayan la'asar, da mutanen kamfanin tashar jiragen ruwa. Na cika bas da 'yan Nuzla har a kan matakala. Bawa ya zo da tulun shayinsa, Rafi'u ya ɗinka ƙyalle da sunan Hamad, wani ya taho da ganga. Amurkawan suka yi ta murna da ganinmu, matansu har suna raba wa mutanenmu lemo.

Wasa ya yi nisa, Hamad na aikinsa. Yanzu da nake tunawa, ina iya gaya miki ya yi kyau. Akwai wani ƙato a cikin 'yan tashar, duk sanda ya taso wa Gajere sai ya ci karo da ɗanki ya zube. Amurkawanmu suna ta kiran sunan Hamad. Amma mu a gefenmu ba abin da muke gani sai hannunsa wayam. Bawa ya fara tariƙ ɗinsa, yara suka ɗauka, ganga ta bi su. Da aka ɗan tsaya shan ruwa Hamad ya cire hula ya waiwayo yana nemana. Ya same ni. Na kawar da kai, na juya masa baya a gaban kowa.

Da aka koma, an kai kusa da layi. Aka miƙa wa Gajere, Hamad na gaba, ƙaton nan ya taso. Sai na ga Hamad bai nufe shi ba. Ya juya, ya sa hannu biyu ya fizge ƙwallon daga ƙirjin abokinsa. Gajere ya tsaya sororo yana kallonsa, hannuwa a buɗe, don ko a mafarki bai zaci haka daga nan ba. A tsayen nan ƙaton ya same shi ta gefe da dukkan nauyinsa. Hamad kuwa ya tsallake layi.

Mu ba mu ga faɗuwar Gajere ba, ko in ce ba mu kula ba. Nuzla ta ɓarke. Muka tsallake waya, aka ɗaga Hamad sama, aka ɗaga ni ma, Bawa na sumbatar kaina yana cewa shi dama ya faɗa. Ina can sama a kafaɗun mutane na lura ɗaya gefen filin tsit yake. 'Yan wasanmu da na tashar duka sun durƙusa wuri guda. Hamad yana ta roƙo a sauke shi, ba mai jinsa saboda ganga. Gwiwar Gajere ce ta goce. A bas ɗina aka kai shi asibiti, kwance a kujerar baya, kan ƙyallen Rafi'u. Likita ya ce zai taka, amma gudu ya ƙare masa.

Washegari da safe Abu Shanab ya kira Hamad ofishin warsha, ya sa aka kira ni in yi tafinta. Na so ya yi faɗa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya koyar da yaron nan wata da watanni, ya san ba halinsa ba ne. Ya ce shi abu ɗaya yake so ya sani, wa ya sa shi. In wani ne ya matsa masa, zai fahimta, maganar warsha kuma tana nan. In kuwa ra'ayin kansa ne, to ba zai iya sa mutum a ƙarƙashin mota ba alhali wanda ke riƙe da jak ɗin yana iya sakinsa don a tafa masa.

Ni na juya wa Hamad wannan da Hausa, kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Ya ji sarai. Bai ko dube ni ba. Ya ce in gaya masa ba wanda ya sa shi, shi ya ga dama.

Yaya, ɗakin nan mu uku ne kawai. Abu Shanab ba ya jin Hausa, Hamad ba ya jin Turanci. Duk abin da na ga dama shi zan faɗa, gaskiyar kuma ba ta fi ƙarfin Turancina ba. Na tuna bas ɗina, na tuna Larai da yara, na tuna kafilina shi ne kamfanin nan. Na buɗe baki na ce wa mutumin, Hamad ya ce ba kowa. Abu Shanab ya daɗe yana kallona, ni ba Hamad ba. Sannan ya ce to, ya miƙa hannu Hamad ya ba shi hular.

Ba su kore shi daga sauke kaya ba, amma maganar warsha halas, ta ƙare, an ba wani. Kullum in ya tashi aiki sai ya wuce asibiti ya zauna gefen gadon Gajere, ba mai jin yaren wani. A gida bai canza mini fuska ba. Yana gaishe ni da safe a durƙushe, yana karɓar mini kaya in na dawo. Da ya zage ni da na samu barci. Larai kuwa ta daina zama in ina cin abinci.

A Nuzla kuwa ni ne gwarzo. Ba su san an karɓe hular ba. Jiya ma Bawa ya jawo ni teburinsa, suna lissafin yadda Hamad zai yi da sauran kamfanonin, wai yanzu da Gajere ya kwanta ƙwallo ya zama nasa shi kaɗai. Suka tambaye ni ko ba haka ba. Na ce in sha Allahu, na shanye shayin.

Ke kika ba ni shi a tashar jirgin ƙasa ta Sinnar, kika ce in zame masa uba. Ban rubuto don ki ce ba komai ba, kada ki ce. Sau biyu ina zuwa ƙofar warsha da niyyar magana, ina hango Abu Shanab sai in yi kamar ruwan batir na zo nema. Gobe ma zan je. Ban yi miki alkawarin zan shiga ba, don yanzu na san ko ni wane ne.

Idan za ki aiko da amsa, ki aiko wa Hamad ta hannun Alhaji Mahmudu, ki sa masa albarka da kyau. Kada ta biyo ta hannuna, ban cancanci in sake isar masa da maganar kowa ba.

Wassalam. Ƙanenki mai jin kunyarki,
Na'ibi