Cefanen Uwar Wani

Zuwa ga Yayana, inuwar gidanmu,

Gaisuwa mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, tare da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka gafarce ni da na kutsa cikin hidimominka; zuciya ce ta cika har ta tumbatsa kan takarda.

Ni lafiya lau nake a nan ƙasar waje, sai ɗan hawan jini da likita ya ce maganinsa tafiyar ƙafa. Shi ya sa na shiga ƙungiyar sa-kai: mukan yi sassarfa zuwa kanti, mu ɗauko cefanen tsofaffin unguwa, mu hau musu bene da shi. Ranar farko na durƙusa in gaida wata tsohuwa yadda aka tarbiyyantar da mu. Ta zaci faɗuwa na yi, ta riƙo kafaɗata tana cewa, "Ɗana, kar ka mutu mini a bakin ƙofa!" Na yi dariya, amma a matakala na zauna na share hawaye.

Uwar wani nake wa ɗaukar kaya,
Tawa na can, ni kuwa babu hanya.

Takarduna na izinin zama har yanzu suna hannun hukuma, ba ni da ikon tahowa gida. Yaya, duk lokacin da na kira, sai a ce Inna tana barci. Inna da ba ta san barcin rana ba! Tana iya tashi kuwa? Wa ke kama hannunta?

Don Allah ka rubuto da gaggawa, ka faɗa mini gaskiya, ko da ba abin da zan iya yi da ita.

Ƙaninka.