Jirgin Iro Ba Ya Ɗaukar Saƙo

Talata, bayan sallar lisha, Dogon Dutsi

Ɗana Iro ya samu aikin. Matuƙin jirgin sama ne yanzu, na kaya, ba na mutane ba. Alhamdu lillahi. Kuskurena ɗaya, na gaya wa Hajo maƙwabciyata.

Kafin la'asar zaurena ya cika: buhun gero na ɗiyar Hajo da ke aure a Yamai, man shanu daga ruga, da zabin Baba Tanko da za a kai wa ƙanensa a Tibiri. Na karɓa duka. A garin nan mai tuƙi ba ya ƙin saƙo, haka muka tashi.

Na kira Iro a waya.

"Inna, jirgin ba nawa ba ne, kuma Tibiri babu filin sauka."

"To ka rage gudu ka miƙa musu."

Dariya ya yi mini! Ni da na riƙa kai shi lakwal, makarantar boko, da bulala. Na ce masa karatun da ke hana mutum ɗaukar zabin kawunsa ba karatu ba ne.

Ba zan mayar da kayan a ce ɗana ya yi girman kai ba. Dole na aika wa Ɗan Tani mai kamyo, babbar motar kaya, wanda na hana Iro abota da shi don kada ya lalace. Ya loda komai. Da ya tada mota ya leƙo.

"Inna, in matuƙin na da saƙo, shi ma ya kawo."

Allah ya shirye su duka biyun.