Saifa Na Ce, Ashe Matsarmama Ce

Anti Ummusalma, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ina aiki a wani asibiti a Dapaong. Uwata Bahaushiyar Sokodé ce, amma cikin ƙabilar Moba na tashi, Hausata ta kasuwa ce. Ƙanenta, Kawu Zaidu, likita ne mai bincike a kan cututtukan hanji da matsarmama da abin da Faransawa ke kira pankireyas. Shi ya riƙe ni na yi karatu bayan rasuwar babana.

Shekara huɗu da suka wuce ya ɗauke ni tafinta, na yi wa mutum sama da ɗari uku tambayoyinsa da Hausa, daga Dapaong har Nano. Da Faransanci aka rubuta su. Ɗaya tana tambaya ko a dangin mutum an taɓa ciwon matsarmama. Ni kuwa saifa na riƙa cewa, don a sanina sunanta ke nan. Kusan kowa ya ce an taɓa. Kawu ya yi mamaki, ya rubuta cewa ciwon ya yi yawa a dangogin arewacin ƙasarmu, aka buga a mujallar likitoci. Ya ce masu bincike sun ambaci takardar fiye da sau ɗari, kuma saboda ita ake gayyatarsa ƙasashe.

Da layyar bana na je gidansa a Sokodé. Mahauci Alassani yana feɗe rago, ya ce mu matsa kada matsarmama ta fashe a nama, ya ɗago wata 'yar jaka koriya a jikin hanta. Ita ce a hoton da ke littafin Kawu. Saifa kuwa ga ta can gefe, wadda zazzaɓin sauro ke kumbura wa yara. Wane gida ne ba a taɓa yin wannan ba? Ko yanka ɗaya ban iya ci ba.

Nan da wata biyu za a zauna a kan ba Kawu muƙamin farfesa. Inna har ta ɗinka kayan biki. In na faɗa na rusa mutumin da ya gina ni, in na yi shiru likitoci suna ta ɗorawa a kan kuskurena. Tsoro nake ji, Anti, da kunya.

Tafintar Dapaong

'Yata,

Ki ja numfashi tukuna. Ba ƙarya kika yi ba, kuskure kika yi, kuma ba naki ba ne ke kaɗai. Mai bincike shi ke da alhakin jin yadda aka juya tambayarsa kafin a kai ta ƙauye. Kawunki da yake Bahaushen Sokodé, minti biyar ya ishe shi ya kama wannan kalma.

Tsoronki ma yana da dalili. Wataƙila batun farfesan ya ja baya, kawunki zai ji zafi, ƙila ya yi kwanaki bai ɗauki wayarki ba. Amma wanda ya gyara takardarsa da hannunsa ba a ɗaukarsa maƙaryaci. Wanda wani ya tono masa bayan ya hau kujera, shi ne ke rasa suna. Kuma tambaya ɗaya ce ta karkace, mai yiwuwa sauran aikin yana nan daram. Shi zai san wannan, ba ni da ke ba.

Kada ki yi ta waya, kada ki fara da Innarki. Ki hau mota wannan Asabar zuwa Sokodé. In kin san bakinki zai yi nauyi, ki biya wajen Alassani ya ba ki hanta da matsarmamarta a jiki, da saifa ɗaya. Ki ajiye su gaban kawunki, ki nuna masa wadda kika tambayi mutane a kanta. Likita ne, ba sai kin ƙara komai ba.

Ya yi miki karatu ne don ki san abu, ga shi kin sani. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya kai ki lafiya.

Ummusalma