Aku Ta Kama Makirufo

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taka? Yaya Goggo da hawan jininta? Ka ce mata na ce ta rage gishiri, ta kuma rage faɗa da maƙwabta, don duka biyun ba sa yi mata kyau. Ni dai lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Kullum sai in ɗauko waya kamar zan kira ka, sai in tuna kunnen ba ya ɗauka. Saƙon waya kuma ka ce rubutunsa kamar tururuwa. To ga takarda, na yi maka da manyan baƙaƙe yadda kake so.

Aikin shagon wanki yana nan, ni ce a kan guga. Uwar ɗakina mutuniyar kirki ce, ƙorafinta ɗaya bakina ba ya hutawa. Na ce mata ta kai ƙara wurin wanda ya raɗa mini suna Aku, shi ya san abin da ya gani.

Baba, albishirinka. Waƙata ta fita a rediyo! Ina cikin goge rigar wani sai na ji muryata tana fitowa daga rediyon da ke kan kantar shagon. Na tsaya ƙam. Ba don uwar ɗakina ta fizge dutsen gugar ba, da rigar mutane ta tafi. Ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, ita ma ta gane muryar, sai ta fita waje tana kiran mai shagon kusa da mu ya zo ya ji.

Irin waƙar ana ce mata rap. Ba rerawa ake yi ba, magana ce ake jerawa a kan kiɗa da sauri, ƙarshen kowane layi ya dace da ɗan'uwansa. Wato abin nan da nake yi maka tun ina ƙarama. Ka tuna bayan rasuwar Inna, in ka dawo daga masaƙa da auduga a gashinka, sai in haye kan benci in zayyane maka duk abin da ya faru a layinmu, wa ya daki wa, akuyar wa ta shiga gidan wa? Da kunnenka ya fara nauyi, kai ka koya mini in tsaya saitin haske, in fito da kowane harafi sarai don ka karanta bakina. Yanzu mutane suna cewa duk saurin da zan yi, kalma ɗaya ba ta ɓacewa. Suna tambaya a ina na koya. Dariya kawai nake yi.

Wanda ke haɗa mini kiɗa mai aski ne a layinmu, ana ce masa Dogo. Situdiyon namu ɗakin bayan shagonsa ne, mun manna tsofaffin katifu a bango. Sai ina tsakiyar baiti wani ya buga ƙofa yana son aski, dole a tsaya. Kada hankalinka ya tashi, matarsa ƙawata ce, kullum tana nan zaune da jaririnta. Ita ce ma alƙaliyarmu. In ta yatsine fuska, an soke baitin ke nan.

Ka gaida Goggo da kowa da kowa. Ka riƙa shan maganin ƙafar, ban da wayo.

Taka har kullum,
Aku

*

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kuna lafiya kai da Goggo. Na samu amsarka. Na yi dariya da ka ce ashe surutu ma sana'a ne, da ka sani da ba ka riƙa zuwa makaranta kana ba malamai haƙuri a kaina ba.

Wata magana ce ke cina, na rasa wanda zan faɗa wa sai kai.

An yi gasa a ɗakin taron matasa. Ni kaɗai ce mace. Da na hau dandamali wani ya ɗaga murya ya ce in koma in wanke kwanuka. Sai na ce wa Dogo ya saki kiɗa. Na ɗauki maganar mutumin nan na mayar da ita waƙa a take, tun daga kwanukan har zuwa hularsa da ta fi kansa girma. Kafin in gama, abokansa ne ke ɗaga ni da ihu, shi ma da kansa ya zo ya ce na fi ƙarfinsa.

Bayan an tashi wani mutum mai kwat ya ba ni katinsa. Ma'aikacin wani babban kamfanin waƙa ne. Na je ofishinsu. Sanyi kamar cikin firji, kujerun kuma in ka zauna sai ka nutse. Sun ce suna so na. Za su ba ni wurin zama, su sa ni a talabijin, in bar guga har abada. Amma da sharuɗɗa. Sunan Aku bai yi musu ba, za su sauya. Suna da masu rubuta waƙa, ni dai in hau in faɗa. Duk waƙoƙina, har waɗanda na riga na yi, za su zama nasu. Dogo kuma ba sa buƙatarsa.

Na miƙe zan tafi. Sai mutumin ya tambaye ni labarin gida, ni kuma ka san bakina, na ba shi labarinka. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, ranar da na sa hannu za su kai ka wurin babban likitan kunne, su saya maka na'urar ji.

Baba, tun ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba. Mutanen da ban sani ba suna jin muryata a motoci da shaguna, kai da ka raine ta ba ka taɓa jin ko layi ɗaya ba. Muryar da ka sani ta yarinya ce mai tsayuwa a kan benci. Ina so ka ji ta yanzu, ko sau ɗaya.

Na faɗa wa Dogo. Ya ce in je in sa hannu, ko shi ne zai yi wa mahaifinsa haka, ba zai riƙe ni a zuciya ba. Ya faɗa yana murmushi, sannan ya juya ya yi wa wani bawan Allah askin da sai da aka ƙarasa da tal-kwabo. Matarsa kuwa ta miƙo mini jaririn ta shige ciki.

Na kusa yanke shawarar sa hannu. Sun ba ni lokaci in yi tunani. Ka sa mini albarka kawai.

'Yarka,
Aku

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ina fata Goggo ta warware daga murar da ka ce tana yi. A gaishe ta da jiki.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Fushi na yi da kai, gaskiya ke nan. Na rubuto maka shafi guda cike, kai kuma ka maido mini da 'yan layuka. Ka ce: "Kunnena masaƙa ce ta cinye, na yafe mata tuntuni. Bakinki kuwa ban yarda a saye shi da sunana ba. In don kanki kike so, ki sa hannu, albarkata tana tare da ke. In don ni ne, ban aike ki ba."

Na karanta a bayan shago na yi kuka har uwar ɗakina ta ɗauka rasuwa aka yi. Na yi ta neman hanyar da zan ce don kaina nake so, na kasa. Na gwada kiran kaina da sunan da suka zaɓa mini a gaban madubi, sai na ji kamar na sa takalmin wata.

Na koma na mayar musu da takardunsu. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ce ya ga irina da yawa, duk sukan dawo, kuma a lokacin kujerar ta riga ta cika. Na yi masa godiya na fito. A bakin titi zafin rana ya dake ni, ban san lokacin da na fara dariya ni kaɗai ba.

Ba zan ɓoye maka ba, an sha wuya bayan nan. Rediyo ta daina sa waƙata, don ba mu da wanda zai riƙa kai mana ita. Damina ta zo rufin situdiyo ya yi yoyo, katifun suka jiƙe, kwamfutar Dogo ta kwanta jinya a wurin mai gyara. Akwai ranar da na ce masa mu haƙura. Ya ce to, amma in fara gaya wa matarsa. Na kalli fuskarta na fasa.

Sai muka koma bi da ƙafa. Muna zuwa wurin masu cajin waya da masu tura waƙa mu ba su kyauta. Muna bin direbobin motocin haya muna roƙo su sa wa fasinja. Uwar ɗakina ta manna hotona a jikin ƙofa, duk wanda ya zo karɓar kaya sai ta tsare shi ya saurari waƙa tukuna. Akwai wadda na yi a kan masu aikin tsaye, masu guga da masu aski da ma'aikatan masaƙa. Ita ce ta kama. Yanzu ana gayyata ta wasa, ba manyan wurare ba ne, amma da sunana ake kira na, kuma abin da na rubuta da hannuna nake faɗa.

Ga dalilin wannan takarda. Da guminmu ni da Dogo na samu ganin likitan kunnen nan, ya ce in kawo ka. Wannan karon ba wanda ya saye komai, don haka ba ka da hujja. Ka shirya, Goggo ta sa ka a mota, ni zan tare ka a tasha. Kada ka ce ƙafa, na san kana zuwa kallon ƙwallo da ita.

Mai kewarka,
Aku

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya, kuma gajiyar hanya ta bi jiki. Goggo ta kira ta ce tun da ka sauka kake ba da labari, har ta fara zargin a wurinka na gado bakin. Ka gaishe ta.

Ɗakin ya yi mini girma tun da ka tafi. Kofin da ka sha shayi yana nan inda ka ajiye.

Ka yafe mini abin da na yi a asibiti. Da likita ya ce jijiyoyin sun riga sun mutu, babu na'urar da za ta dawo da su, ni ce ya kamata in rarrashe ka. Sai ga ni a baranda ina kuka kamar ƙaramar yarinya, kai kana bubbuga bayana kana tambaya ko akwai mai shayi a kusa. Daga baya na gane ka daɗe da sanin amsar. Don ni ka hau motar nan, don in ji da kunnena in huta.

Dogo ya ce in yi maka godiyar ƙofar situdiyo. Shekara da shekaru muna ɗaga ta da kafaɗa, kai ka zo ka ari sukundireba ka gyara kafin shayi ya huce. Matarsa kuma ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya yi barci kusa da sifika ana ɗaukar waƙa ba sai kai.

Ranar wasan nan na yamma ina kallon ka daga dandamali. Na sa maka kujera a gaba don ka ga bakina, amma sai ka juya ta gefe, rabin lokacin jama'a kake kallo. Na ɗan ji haushi a lokacin. Ban gane ba sai a tasha.

To, Baba, akwai abin da ba ka sani ba, kuma tun da motarku ta tashi nake ɗokin gaya maka.

Ka tuna da ka shiga ka zauna, ka jawo direban ka kai bakinka kusa da kunnensa, har ka sa hannu ka kare? Na san a ganinka raɗa ka yi masa. Baba, ba raɗa ba ce. Duk tashar nan ta ji ka. Mai sayar da lemo ya juyo, masu lodi suka tsaya da kaya a ka, direban kuwa sai da ya dafe kunne. Ga abin da ka ce, ban rage ko harafi ba:

"Ka ga waccan mai jan gyale? 'Yata ce. Mawaƙiya ce, da kanta take rubutawa. Ni ban taɓa jin waƙarta ba. Amma na ga fuskokin mutane in ta buɗe baki. Kada ka gaya mata, kanta zai kumbura."

Sannan ka gyara zama ka ɗaure fuska, ka ɗago mini hannu kamar ba ka yi komai ba.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Motar na fita mutane suka zagaye ni. Wata tsohuwa mai jiran mota ta riƙe hannuna ta ce Allah ya bar mini kai. Masu lodi suka ce ba inda zan je sai na nuna musu abin da tsohon nan ya gani. Babu kiɗa, babu makirufo, suka riƙa buga jikin mota da tafin hannu. Na yi musu, hawaye yana zuba, har direbobi suka fara faɗa an tare musu hanya.

Kaina ya kumbura, Baba, ba yadda za ka yi da ni. In ka sake zuwa ka ci gaba da irin wannan raɗar, kada ka rage ko kaɗan.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka mai jan gyale,
Aku